Schulpforta: Tambayoyi da Amsoshi a kan Makarantar Jamus da ta Gaji Gidan Ruhubanawa

Wace makaranta ce Schulpforta, kuma a ina take?

Makarantar sakandare ce ta kwana, mallakar gwamnatin jihar Sachsen-Anhalt a gabashin Jamus. Sunanta a hukumance Landesschule Pforta, amma kowa da Schulpforta ya san ta, wanda kuma shi ne sunan ɗan ƙauyen da take ciki. Tana kwarin kogin Saale, tsakanin garin Naumburg da Bad Kösen, tafiyar kamar kilomita huɗu daga Naumburg. An buɗe ta a 1543, kenan a 2043 za ta cika shekara 500. Ɗalibanta wajen 300 ne, maza da mata, daga aji 9 zuwa aji 12, kuma a cikinta suke kwana.

Wanda ya ji sunan ya zaci wani katafaren gini ne na zamani, zai sha mamaki. Ganuwa ce ta dutse, a cikinta akwai tsohuwar majami'a, da injin niƙa mai aiki da ruwa, da maƙabarta, da lambu, da dogayen barandu masu rufin baka waɗanda suka girmi makarantar kanta da ɗaruruwan shekaru.

Me ya kai makaranta cikin gidan ibada?

Gidan ya riga makarantar. A 1137 wasu ruhubanawan Kirista na ɗariƙar Sistasiya, waɗanda suka fara zama a Schmölln amma wurin bai karɓe su ba, suka taso suka kafa sabon mazauni a nan. Suka raɗa masa suna da harshen Latin, Sancta Maria ad Portam. Kalmar porta tana nufin ƙofa, ita ce bakin Jamusawa ya mayar Pforta ko Pforte.

Waɗannan ruhubanawa ba masu naɗe hannu ba ne. Ibada da noma suka haɗa. Sun haƙa magudanar ruwa daga Saale, wadda ake kira Kleine Saale, ta ratsa cikin gidan tana juya injin niƙa. Sun sare daji, sun dasa inabi a gangaren duwatsu, har yau yankin da noman inabi aka san shi. Kafin a jima gidan ya zama ɗaya daga cikin masu arzikin ƙasa a wannan sashe. A riƙe wannan batu na filaye, don shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo.

To wa ya mayar da shi makaranta, kuma me yake nema?

Bayan Martin Luther ya ta da guguwar gyaran addini a 1517, sarakunan Jamus da yawa suka bar Katolika suka bi shi. A 1540 Heinrich, sarkin Saksoni, masarautar da Pforta ke cikinta a lokacin, ya rufe gidan. Sai tambaya ta taso: ina za a kai dukiyar? Wasu sarakunan zamanin aljihu suka zuba irin wannan dukiya, ko suka biya bashin yaƙi da ita. Ɗansa Moritz, wanda ya hau gado a 1541 yana ɗan shekara ashirin, ya bi wata hanya. Ranar 21 ga Mayu 1543 ya fitar da doka cewa a kafa makarantu uku da dukiyar gidajen da aka rufe. Ta Meissen da ta Pforta suka fara aiki a wannan shekara. Ta ukun an so a yi ta a Merseburg, abin bai yiwu ba, sai a 1550 aka buɗe ta a Grimma. Su ukun ake kira Fürstenschulen, wato makarantun sarki.

Tsarin ya yi kama da abin da muka sani da wakafi. Gonaki da dazuzzukan gidan suna nan yadda suke, amfaninsu ne ke ciyar da yara da biyan malamai. An ware wa Pforta gurbin yara 100. Yaro zai shiga yana tsakanin shekara 11 da 15, ya yi shekara shida, ci da sha da makwanci da karatu duk kyauta. Guraben kuma raba su aka yi: wasu garuruwa ne ke da ikon turo yara, wasu na gidajen sarauta ne, wasu sarki ya riƙe a hannunsa. Shugabanta na farko shi ne Johannes Gigas.

Kada a ɗauka tsabar tausayi ne. An riga an kori tsohon tsarin da ke samar da masu ilimi, Moritz kuwa yana buƙatar limaman coci na sabuwar aƙida, da alƙalai, da magatakarda, da malamai. Ɗan masaƙi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya fi masa amfani a kan ɗan basarake daƙiƙi. Ciniki ne aka ƙulla: gwamnati ta ciyar da kai, ta koyar da kai, kai kuma ka fito ka yi mata aiki. A ganina wannan ciniki shi ya raya makarantar har yau, kuma shi ne ya sa duk gwamnatin da ta zo, ta kirki da ta banza, take ganin tana da amfani a gare ta.

Me ake koyarwa a wancan zamani?

Latin, sai Latin, sai kuma Latin. Bayansa Girkanci da addini da waƙar coci, da Ibrananci ga mai shirin zama limamin coci. Ba karanta Latin kawai ake so yaro ya iya ba. Sai ya rubuta insha'i da shi, ya tsara waƙa da shi bisa ma'auni, ya yi muhawara da shi. Jamusanci, harshen da yaro ya sha a nono, ya daɗe yana zaman ɗan bora a ajin. Lissafi da tarihi da kimiyya a hankali suka samu shiga, kuma sai a ƙarni na 19 suka zauna da gindinsu.

Akwai al'adu biyu na karatu da suka fito da sunan Pforta. Ɗaya ita ce ranar da ake kira Studientag: a keɓe yini guda ba a shiga aji, kowane ɗalibi ya zauna da littafin da ya zaɓa ya yi ta nazari shi kaɗai. Ɗayar ita ce Valediktion, rubutun bankwana. Mai barin makaranta zai rubuta dogon nazari a kan wani batu ya bari a matsayin godiya. Ɗakin ajiyar makarantar na riƙe da tarin irin waɗannan rubuce-rubuce, cikinsu har da na yaran da daga baya duniya ta san su.

Yaya rayuwar yau da kullum take a cikin ganuwar?

Da tsanani. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin zafi, ƙarfe huɗu na asuba ake buɗe ƙofar ɗakin kwana, ƙarfe biyar kowa ya miƙe dole. A wanke fuska, a yi addu'a, a ɗan karya, ƙarfe shida an shiga aji. Ƙararrawa ce ke yanka yinin gunduwa-gunduwa har a kwanta. Fita waje sai ɗan lokaci ƙayyadadde, mafi yawa ranar Lahadi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake zaman ɗaki. A kowane teburin karatu akwai babban ɗalibi da ake kira Obergeselle, da na tsakiya, Mittelgeselle, da ƙanana, Untergesellen. Kalmomin daga bakin masu sana'ar hannu aka aro su, kamar a ce babban yaron shago da ƙananan yaran shago. Babban shi ke duba aikin ƙaramin, ya yi masa bitar nahawun Latin, ya tsawata masa. Idan ka dace da na kirki, ka samu yaya. Idan ka faɗa hannun mugu, ka shiga uku, don malami ɗaya ne ke kwana cikin ɗalibai a kowane mako. Ana ce masa Hebdomadar, daga kalmar da ke nufin mako, wato mai aikin sati. Wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ko'ina a duniya ya san abin da ke faruwa idan aka bar yara a hannun yara.

Su wa suka yi karatu a can?

Jerin yana da tsawo, amma labarin Johann Gottlieb Fichte ya fi kowanne nuna abin da aka kafa makarantar dominsa. Ɗan masaƙi ne daga ƙauyen Rammenau, yana kiwon dinya. Ana ba da labari cewa wani basarake mai suna von Miltitz ya makara bai samu wa'azin Lahadi ba, sai aka ce masa akwai yaron da zai maimaita masa shi tas daga ka. Aka kira yaron, ya zuba wa'azin. Basaraken ya ɗauki nauyinsa, a 1774 ya shiga Pforta. Zaman bai yi masa daɗi da farko ba, har ya taɓa guduwa, ya dawo. Ya gama a 1780, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana falsafar Jamus, kuma shugaban Jami'ar Balin na farko da aka zaɓa.

Kafin shi akwai mawaƙi Friedrich Gottlieb Klopstock, 1739 zuwa 1745. Bayansa masanin tarihi Leopold von Ranke, 1809 zuwa 1814, wanda ya dage cewa marubucin tarihi ya koma ga takardun asali ya bar jita-jita. Akwai Theobald von Bethmann Hollweg, shugaban gwamnatin Jamus daga 1909 zuwa 1917, wanda a hannunsa ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wanda aka fi tambaya shi ne masanin falsafa Friedrich Nietzsche. Maraya ne, ubansa limamin coci ya rasu a 1849, uwarsa ta koma Naumburg da yara. Ya samu gurbin kyauta ya shiga a 1858, ya fita a 1864. A Girkanci da Latin ba a kama ƙafarsa, amma lissafi ya kusa kayar da shi a jarrabawar ƙarshe. Ya taɓa shan giya ya bugu a Kösen a 1863, aka kama shi, aka sauke shi daga matsayinsa a aji. Shekara biyar bayan ya bar makarantar, yana da shekara 24, Jami'ar Basel ta ba shi kujerar farfesa. Makarantar da aka gina don ta haifi limaman coci ita ta goya mutumin da ya fi kowa sukar Kiristanci a zamaninsa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Sai masanin lissafi August Ferdinand Möbius, wanda a Schulpforta ma aka haife shi a 1790, ubansa na koyar da rawa a makarantar. Mai son ganin abin da ya sa ake tuna shi, ya yanki takarda siririya mai tsawo, ya murɗa baki ɗaya rabin juyi, ya manna bakunan biyu. Ya ɗora biro a tsakiya ya yi ta jan layi ba tare da ɗagawa ba. Zai ga ya dawo inda ya fara, layin kuma ya bi ko'ina, ciki da waje. Takardar ta zama mai fuska ɗaya tak.

Akwai abin da ya haɗa makarantar da Afirka?

Akwai, ta hanyar mutum ɗaya. Karl Richard Lepsius ɗan Naumburg ne, ya yi Pforta daga 1823 zuwa 1829. Shi ya jagoranci ayarin binciken da sarkin Furushiya, wata babbar masarauta a Jamus, ya tura Masar da Sudan daga 1842 zuwa 1845, suka auna dalolin Masar da na Meroe a Sudan, suka kwafi rubuce-rubucen jikin duwatsu. Daga baya ya tsara wasu haruffa na bai-ɗaya bisa baƙaƙen Latin, don a rubuta harsunan duniya da su ta hanya guda. Ya fitar da tsarin a 1855, ya faɗaɗa shi a 1863, kuma Hausa na cikin harsunan da ya kawo. Ƙungiyar mishan ta Ingila da ake kira CMS ta karɓi tsarin, ita ce kuwa ƙungiyar da James Frederick Schön yake wa aiki, Bajamushen da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876.

Kada dai a wuce gona da iri. Hausawa na rubutu da ajami tun kafin Lepsius, kuma haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yau, ɓ da ɗ da ƙ, ba nasa ba ne, a shekarun 1930 suka shigo boko.

Yaya aka yi ta tashi daga hannun Saksoni?

Yaƙi. Ta sha wuya tun a Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648, lokacin da sojoji suka yi ta wawashe ta. A 1806 sojojin Napoleon suka ragargaji na Furushiya a Auerstedt da Hassenhausen, nan kusa da ita. Saksoni ta bi bayan Napoleon, da ya faɗi sai aka yanke mata hukunci a taron Biyana na 1815, aka ƙwace babban yanki na ƙasarta aka ba Furushiya. Pforta na cikin abin da aka ƙwace. 'Yan'uwanta biyu, ta Meissen da ta Grimma, suka zauna a Saksoni. Furushiya ta gyara manhaja, ta ƙara wa lissafi da Jamusanci daraja, kuma yawancin masu tarihi na ɗaukar wannan ƙarni a matsayin lokacin da tauraruwarta ta fi haske.

Me ya same ta a zamanin Hitila?

A 1935 gwamnatin Nazi ta mayar da ita ɗaya daga cikin makarantunta na musamman da ake kira Napola, inda ake tarbiyyar yaran da ake so su zama jagororin gobe. Aka sauya shugabanci da malamai da yawa, aka sa wa yara kaki, aka shigo da fareti da atisaye da koyarwar fifikon launin fata. An bar Latin da Girkanci, don sunan makarantar da su ya tafi. Haka aka yi har 1945.

Abin lura shi ne 'yan Nazi ba su sha wahalar gina komai ba. Sun tarar da ganuwa, da yara zaɓaɓɓu da aka raba da iyayensu, da ƙararrawa, da al'adar babba ya mallaki ƙarami, da tunanin cewa ɗalibi bashi ne a wuyansa ga gwamnati. Abin da suka canza shi ne wanda ake yi wa biyayya. Duk mai yabon tsarin 1543 ya kamata ya haɗa da wannan shekara goma a lissafinsa.

Bayan yaƙi fa? Yaushe aka fara ɗaukar mata?

Sojojin Amurka ne suka fara isa yankin a Afrilun 1945, a watan Yuli suka miƙa shi ga Tarayyar Sobiyet. Rabon filaye da aka yi a gabashin Jamus ya cinye gonakin da suka ciyar da makarantar shekara 400. Ta ci gaba a matsayin makarantar gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, ana ba 'ya'yan ma'aikata da manoma fifiko, darasin siyasa ya maye gurbin na addini. A 1949 aka fara ɗaukar 'yan mata, bayan shekara 406 ana maza zalla. A farkon shekarun 1980 aka buɗe azuzuwa na musamman na harsuna da na kiɗa.

A Jamus ta Yamma kuwa, tsofaffin ɗaliban makarantun sarki ba su haƙura ba. A 1968 aka buɗe wata makarantar kwana ta coci a Meinerzhagen mai suna Landesschule zur Pforte, don ta riƙe al'adar. Bayan haɗewar Jamus a 1990, da ta asalin ta dawo hayyacinta, waccan ba ta daɗe ba aka rufe ta.

Ina take a tsarin ilimin Jamus na yau?

A Jamus ilimi aikin jihohi ne, su 16, kowace da dokarta. A yawancinsu yaro na yin firamare shekara huɗu, daga nan a raba hanya. Masu nufin jami'a su tafi Gymnasium, wadda ke ƙarewa da jarrabawar Abitur, takardar shiga jami'a. Maki a can daga 1 zuwa 6 yake, kuma 1 ne mafi kyau, abin da kan rikita baƙo. A shekaru biyun ƙarshe sai a koma ƙidayar 0 zuwa 15, inda 15 ce ƙololuwa. Pforta Gymnasium ce, Abitur ɗinta irin na sauran makarantun Sachsen-Anhalt ne, a aji 12. Bambancinta shi ne ba ta ɗaukar yaro daga firamare. Sai ya yi shekaru a wata makarantar, an ga inda baiwarsa ta karkata.

Mene ne fannoninta uku?

Harsuna, kiɗa, da kimiyya, wanda aka ƙara a 1992. Kowane ɗalibi yana yin darussan da kowace Gymnasium ke yi, sannan a ɗora masa ƙarin na fanninsa.

Ɗan fannin harsuna yana koyon harsunan waje har huɗu, cikinsu akwai Turanci da Faransanci da Latin, kuma har yanzu ana koyar da tsohon Girkanci. Ɗan fannin kiɗa yana da darasin kayan kiɗa da na murya, da ilimin tsarin sauti, da horon kunne, wato a buga sauti ya rubuta abin da ya ji. Ƙungiyoyin mawaƙan makarantar sun yi suna a gasa. Ɗan fannin kimiyya yana samun ƙarin lissafi da fiziks da kemistiri da ilimin halittu da kwamfuta, da aikin gwaji, da shiga gasannin ƙasa.

A ɗakin kwana ba a raba su bisa fanni. Mai goge da mai lissafi na iya zama ɗaki ɗaya, kuma da gangan aka yi haka.

Yaya ake shiga, kuma ana biya?

Ɗalibi na nema yana aji 8, ya tura sakamakonsa, a kira shi jarrabawa da ganawa. Mai neman kiɗa sai ya yi kiɗa da waƙa a gaban malamai. Ba 'yan jihar kaɗai ake ɗauka ba, ana zuwa daga sauran sassan Jamus. Da Jamusanci ake koyarwa, saboda haka wanda bai iya shi sosai ba ba shi da hanya.

Karatun kansa kyauta ne, kamar a sauran makarantun gwamnati. Iyaye na biyan kuɗin kwana da abinci, wanda bai kama ƙafar abin da makarantun kwana masu zaman kansu ke karɓa ba. Akwai gidauniyar makarantar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke tallafawa.

Wace tsohuwar al'ada ce ta rage?

Malami mai aikin dare har yanzu Hebdomadar ne. Lokacin nazari na shiru sunansa Silentium. Ɗalibai ne ke kaɗa ƙararrawa bi da bi. A watan Mayu ana bikin ranar kafuwa, tsofaffin ɗalibai su cika gidan. Laburarenta na tarihi, wanda aka fara tarawa a 1570, yana da littattafai kusan 80,000.

Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce Ecce, kalmar Latin mai nufin “duba”, farkon waƙar da ake rerawa a taron. A watan Nuwamba, daren jajibirin Lahadin da Furotesta ke tuna matattu, makaranta kan taru. A karanto sunayen tsofaffin ɗalibai da malaman da suka rasu cikin shekarar, da taƙaitaccen tarihin kowannensu. Yara 'yan shekara sha biyar na zaune suna jin rayuwar tsoho ɗan tamanin da ba su taɓa gani ba, wanda ya kwana a ɗakunan da suke kwana.

Baƙo na iya shiga ya gani?

Yana iya. Majami'ar da barandun tsakar gida da lambun a buɗe suke ga masu ziyara, akwai kuma ofishin baƙi a bakin ƙofa. Azuzuwa da ɗakunan kwana ne ba a shiga. Jirgin ƙasa daga Leipzig ko Halle ko Erfurt na tsayawa a Naumburg, daga nan a hau bas ko keke. Yawancin masu zuwa kan haɗa da babbar majami'ar Naumburg, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. An so a haɗa Pforta da sauran wuraren kwarin a wannan rajista, amma bayan an nema sau biyu ba a dace ba, sai aka shigar da majami'ar ita kaɗai.